Tsintsiyar Kamba

A injin casar shinkafa na bakin hanyar Kamba
aka raba mana takarda mai tambaya sittin.
Kana son taro ko kaɗaici?
Zuciya kake bi ko lissafi?
Na cike da biron aro, jingine da buhu.

Ran Talata amsa ta dawo,
haruffa huɗu na boko a gefen sunana.
Manaja ya ce, "Arzika, kai jagora ne,
mai tsari, mai hangen nesa."
Ɗaki goma sha shida aka gina wa 'yan Adam,
kuma babu wanda rufinsa ke yoyo.
Har Nomau da ke barci bayan janareta
an ce masa mai zurfin tunani.

Na linke takardar na sa a hula.
Kwana uku ina tafiya kamar kaina ɗauke da ƙwai.

Akwai wani tsoho mai gyaran inji,
daga wani tsibiri can bayan Indiya,
Piyadasa, mu dai Baba Fiya muke cewa.
Hausarsa kamar keke marar iska,
tana tafiya, amma da ƙara.
Ya duba takardata, ya mayar mini,
ya ce, "Mabiya Buddha a wurinmu shida suka ƙirga,
kuma ba sa tambayar mutum.
Tsintsiya suke ba shi."

Mai kwaɗayi, in ji shi, shara yake a natse,
yana jera ƙasa kamar zai yi mata kitso.
Mai fushi ya damƙe ta kamar wuyan maƙiyi,
fes za ka ga wurin, amma tsakuwa ta sha duka.
Mai ruɗu ya riƙe ta sako-sako,
ya share nan, ya tsallake can, ya dawo da dattin jiya.
"Sauran ukun fa?"
Ya ce 'yan'uwansu ne da suka yi wanka:
mai sakankancewa ƙanen mai kwaɗayi,
mai basira wan mai fushi,
mai saƙe-saƙe kuwa gado ɗaya da mai ruɗu.

Na yi dariya. Na ɗauki tsintsiyar kaba
don in nuna masa sharar jagora.
Kafin in kai bakin sikeli
ƙaiƙayi ya turnuƙe ɗakin,
Ige mai auna buhu tana tari tana tsine mini,
tsinke uku sun karye a hannuna.
Baba Fiya bai ce komai ba.
Ya ci gaba da shafa wa ƙarfe mai.

Washegari na ce, "To, wane ɗaki ka sa ni?"
Ya ce, "Ba ɗaki ba ne, ciwo ne, kuma da magani.
Mai kwaɗayi ya tuna fure na bushewa.
Mai saƙe-saƙe ya ƙirga numfashinsa.
Kai kuwa, kowace safiya
ka yi wa mutum ɗaya fatan alheri,
ka fara da wanda ba ya maka wuya."

Kakata a Dole-Kaina cewa take hali zanen dutse.
Amma ita ce kuma ta nuna mini dutsen mashaya
inda igiyar guga ta ci rami,
kuma ita ke karanta mini cewa
jarumi shi ne mai danne fushinsa.

Ban bar sallata ba, bai bar cazbinsa na katako ba.
Da damina ta tsaya ya koma ƙasarsu,
ya bar mini sifana lamba goma sha bakwai.

Takardar na nan cikin hula, zufa ta cinye harafi biyu.
Da asuba nakan yi shara kafin a ta da inji.
Na fara da Ige. Na wuce Nomau.
Manaja ne har yau ban iso ba.
Jiya tsinke ɗaya kawai ya karye.